Katin suna na jikin kyauta: a bar wa yaro hannunsa ko a gyara masa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Yara sun samu hutu, lokacin bukukuwa ya ƙarato, sai na ce bana ni da su za mu yi 'yan katunan nan da ake ɗaurawa a jikin kyauta, masu ɗauke da sunan wanda za a ba da na wanda ya bayar, ba sai an sayo bugaggu ba. Babbar shekararta 8, ƙaramin 5. Mun fara, amma abu biyu sun tsaya mana. Na farko, da gam ya taɓa takardar sai ta lanƙwashe, kuma hujin da muke zura zare yana yagewa. Na biyu shi ya fi damuna. Ƙaramin yana juya haruffa, "b" ta zama "d", "S" ta juya baya, zanensa kuma ba ka gane mutum ne ko mota. Yayar maigidana ta gani, ta ce in bari ya yi barci in sake su da kyau, kada a kai wa manya su ga kamar an raina su. Raina bai kwanta da haka ba, amma ba na son in ja da babba ba tare da hujja ba. Me kuka gani?

Mai Ɗab'i:
Wa alaikumus salam. Maman Biyu, bari in ɗauki ta farkon tunda sana'ata ce. Ina kyautata zaton farar takardar ofis kuke amfani da ita. Nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, ta yi laushi da wannan aiki. Ki nemi kwali mai nauyin giram 200 zuwa 300. In babu, bayan tsohuwar kalanda ko kwalin da aka sayo wani abu a ciki ya wadatar, in dai gefe ɗaya fari ne ko ruwan ƙasa.

Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. In kika yanka kowane kati santimita 5 da 9, za ki samu 12 daga falle ɗaya, saura ɗan gefe. Ki yanke kusurwoyin sama biyu a karkace, shi ke nan siffa ta fito. Ki yi guda ɗaya mai kyau ki riƙa ɗora shi kina zagaye shi da fensir, ba sai kin ta aune-aune da rula ba.

Lanƙwashewa kuwa ruwa ne ke jawo ta. Takarda ƙananan zaruruwa ce aka matse. In ɓangare ɗaya ya sha ruwa sai zaruruwan su kumbura, ɗaya ɓangaren yana bushe, dole ta karkata. Farin gam na kwalba ruwa ya yi masa yawa, yara kuma ba su san kaɗan ba. Ki ba su busasshen gam ɗin nan da ake murzowa daga bututu. In dole sai farin, ki ɗiga kaɗan a murfi su riƙa ɗauka da tsinken auduga. In an gama a jera katunan, a ɗora littafi mai nauyi su kwana.

Huji kuma kada ya gaza santimita 1 daga baki. Kafin ki huda ki manna ɗan salatif gaba da baya, ko ɗan zagayen kwali. Dabarar ta daɗe: tun 1863 kamfanin Dennison na Amurka ya yi rajistar katin ɗaura wa kaya mai zoben takarda a bakin huji, saboda irin wannan yagewar ce ke sa katin ya ɓace a hanya.

Gwaggon Yara:
'Yata, ni dai ina bayan yayar mijinki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kyauta mutunci ce, ba wasan yara ba. In yaro ya saba a karɓi duk abin da ya zabga a ce ya yi kyau, yaushe zai koyi tsayawa ya yi abu da natsuwa? Ku bar shi ya yi ta wasansa a wata takardar, amma abin da zai fita daga gida ya fita da fasali.

Malamar Firamare:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma, ki yi mini uzuri zan saɓa miki a nan.

Juya haruffa a shekara 5 ba sakaci ba ne, ba kuma rashin natsuwa ba. Ana ganinsa a yara da yawa har wajen shekara 7. Dalilin shi ne, tun yaro yana jariri idonsa ya koyi cewa abu ba ya canjawa don an juya shi: kujera ko ina ta fuskanta kujera ce. Sai ranar da ya fara boko aka ce masa wannan ƙa'idar ba ta aiki a kan haruffa, in cikin harafi ya koma hagu ya zama wani harafin dabam. Mu masu rubuta Hausa ma namu ya fi yawa, ga b ga d, ga ɓ ga ɗ. Wannan abu da yawan gani da yawan rubutu yake zama, tsawa ba ta gaggauta shi.

Zanen da ba a gane mutum ne ko mota, shi ma yana kan hanya. Viktor Lowenfeld, malamin koyar da zane, a 1947 ya kasa zanen yara mataki-mataki: daga shekara 2 zuwa 4 zabge-zabge, daga 4 zuwa 7 yaro ya fara fito da siffa, mutum ya zama ƙaton kai da ƙafafu biyu suna saukowa daga jikinsa, daga 7 zuwa 9 ya samu tsayayyen salon da yake maimaitawa. Rhoda Kellogg kuma ta tara zanen yara wajen miliyan ɗaya daga ƙasashe dabam-dabam, ta ga siffofi iri ɗaya suna ta dawowa. Ɗanki yana daidai inda sa'o'insa suke.

Abin da ba na so a cikin shawarar shi ne "in ya yi barci". Yaro ya san aikin hannunsa. Gobe zai ga katin a jikin kyautar, ya ga ba nasa ba ne, ko bai yi magana ba ya fahimci nasa bai isa a nuna ba. A aji muna ganin ƙarshen irin wannan: yaron da ke miƙo miki fensir ya ce "Malama zana mini, ni ban iya ba", alhali bai ko gwada ba.

Kati fuska biyu gare shi. Gaba nasa ne, ya yi zanensa ya sa sunansa yadda hannunsa ya ba shi. Baya naki ne, ki rubuta sunan wanda za a kai wa da tsaftataccen rubutu, a gabansa, yana kallo. Aikin katin ya biya, ba a yaudari kowa ba.

Baban Uku:
Malama na ji bayaninki, amma ina da ja. Wannan zance na "kome yaro ya yi daidai ne" shi ya cika gidaje yanzu. Na ga yaro ɗan shekara 9 ya yi zabge biyu cikin minti ɗaya ya tashi, uwar tana ta tafi. Wannan ba mataki ba ne, lalaci ne. Gwaggo tana da gaskiya a nan.

Malamar Firamare:
Baban Uku, ai ban ce kome daidai ne ba. Na ce kada a sake a ɓoye. Kuma ɗan shekara 5 da 'yar shekara 8 ba ma'auninsu ɗaya ba. Babbar za a iya ce mata ta ja layi biyu da fensir, ta fara rubuta sunan a wata takarda, ta ƙirga haruffan ta ga za su shiga, sannan ta bi da biro ta goge fensirin. In ta yi ganganci a ce mata "wannan ba iyakar iyawarki ba ce, ga wani katin". Ita za ta sake, ba uwar ba. Tafin da ka ambata ni ma ba na yinsa. Gara ki ce wa yaro "na ga ka cika wannan gefen da ja, nan kuma ka bar shi fari, me ya sa?" Sai ki ga ya zauna yana ba ki labari, har ya ƙara wani abu.

Baban Uku:
To in haka ne mun kusa haɗuwa. Ni dai kada a cire kalmar "sake" daga bakin iyaye.

Anti Nas:
Kafin a yi nisa da muhawarar tarbiyya, ku bar ni in sako nawa, don mu ne ake kawo wa in abu ya ɓaci.

In akwai ɗan ƙasa da shekara 3 a gidan, ko da ba da shi ake aikin ba, maɓallai da ƙananan duwatsun ado da murfin maka (alƙalamin tawada mai launi) duk su yi nesa da ƙasa. Masu gwajin kayan wasa a Turai da Amurka suna da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, ana ɗaukarsa abin da zai iya shaƙe ƙaramin yaro. Ba baki kaɗai ba, hanci da kunne ma suna turawa, kuma sau da yawa ba sa faɗa sai wuri ya fara wari.

Sufa gulu kada ya zo teburin sam. Cikin daƙiƙoƙi yake haɗe yatsu, in ya zuba a kan auduga ko tufafin auduga yana yin zafin da zai iya ƙona fata. Bindigar gam mai narkarwa ita ma ta manya ce, ko mai ƙaramin zafin tana kaiwa wajen digiri 120. Reza da wuƙar yankan kwali a hannun babba kawai. Yara a ba su almakashi mai dunƙulallen baki, a zaune, kuma zare babba ya yayyanka shi gajeru tun kafin a fara, kada a bar ƙunshin a hannun ƙanana su yi ta naɗawa a wuya.

Amaryar Bana:
Ni ban da yara tukuna amma ƙannena suna zuwa mini hutu. Garin ƙyalƙyalin nan da ake barbaɗawa a kan gam fa? Shi suka fi so.

Anti Nas:
Ƙanwata, in za ki iya haƙura da shi ki haƙura. Yaro ya shafa a hannu, ya murza ido, ƙwayar tana da kaifi tana iya karce idon. In ya shiga kada a murza, a wanke da ruwa mai tsafta da yawa, in bai fita ba a je asibiti.

Ɗalibin Zane:
Ƙari a kan maganar Anti, yawancinsa roba ce aka shafa wa alminiyam aka daddatsa. In aka wanke hannu ya bi ruwa, ba ya ruɓewa. Tarayyar Turai ta hana sayar da sakakken garin ƙyalƙyali na roba tun 17 ga Oktoba 2023, cikin dokarta ta rage ɓarɓashin roba da bai kai milimita 5 ba. Kuma katin da aka lafta wa shi ba ya shiga cikin takardun da ake sake sarrafawa. In ƙyalli ake so, a samu tsohuwar takardar naɗe kyauta mai sheƙi a yi ta huda ta da abin huda takarda. 'Yan zagayen da ke faɗowa su ne adon, kuma yara sun fi son hudawar ma a kan mannawar.

Maman Biyu, ga wata hanya da za ta rage miki gardama da yayarku. Kati mai santimita 5 ya yi wa ɗan shekara 5 ƙanƙanta. A wannan shekarun yatsun ba su gama karɓar aikin ba. Ki ba shi falle guda na kwali ya cika shi da launi yadda ya ga dama, in ya bushe sai a yanka katunan daga ciki. Abin da ya zama hargitsi a babban falle, in aka yanko shi ƙarami sai ya fito kamar da gangan aka tsara.

Hanyoyin da na ga suna tafiya da ƙanana:

A zana da farin kyandir ko farar kala mai maiƙo a kan farin kwali, sannan a bi da fentin ruwa. Maiƙon ba ya karɓar ruwa, sai zanen ya bayyana a tsakiyar launin. Yara ba sa gajiya da wannan.

A dangwala babban yatsa a fenti a buga, in ya bushe a ƙara masa ƙafafu ko fukafukai ko ganye da biro. Wannan ya fi dacewa a haɗa su biyun: ƙaramin ya buga, babbar ta ƙarasa, in shi ya yarda.

Murfin kwalba, gindin fensir mai abin gogewa, guntun soso, ganyen bishiya mai jijiyoyi, duk hatimi ne. Fentin kada ya yi ruwa, a shimfiɗa shi a kan soso a riƙa dangwalawa daga nan.

Launi biyu ko uku kawai za ki fito da su a zama ɗaya. In kika ajiye duka, ƙarshensa komai ya koma ruwan ƙasa. Kuma ki duba kwalbar: fentin yara mai wankuwa ake so, don fentin akirilik in ya bushe a riga ya zauna ke nan.

Malamar Firamare:
Shawarar babban falle ta yi, da sharaɗi ɗaya. A gaya masa tun kafin ya fara cewa wannan za a yanka shi ne. In ya zana gidansu da mamansa a tsakiya, sannan aka sa almakashi ba da saninsa ba, an koma gidan jiya.

Gwaggon Yara:
Na karanta duka. Malama, maganar kada a yi a ɓoye na karɓa, yaro ba a fara masa da ha'inci. Amma inda nake tsaye ina nan. Sunan babba ba abin gwaji ba ne. Kakarsa ko kawunsa su karɓi kaya su ga sunansu a birkice, ko an rubuta shi tsirara babu laƙabin girmamawa, ni ban ga kyansa ba. Uwar ta rubuta wannan, shi ya sa nasa sunan a ƙasa. Nasa in ya juya, nasa ne.

Malamar Firamare:
Gwaggo ai wannan shi ne na ce, baya na uwa. Sai dai zan ƙara: in shi da kansa ya ce yana so ya rubuta sunan kakarsa, a rubuta masa a wata takarda da manyan haruffa ya kalla ya kwafa. Sunayen mutanen da yaro yake ƙauna suna cikin kalmomin da ya fi saurin riƙewa, ban so a rufe masa wannan ƙofar.

Gwaggon Yara:
In ya kwafa daidai a kai. In bai yi daidai ba a ajiye a gida.

Malamar Firamare:
Ni da zan kai, in rubuta daidai ɗin a baya. A nan dai mun rabu, Gwaggo.

Kakan Jikoki:
Ku bar mu masu karɓa mu yi magana mana. Ni an kawo mini iri biyun. Bugaggen, da na kwance kyautar yake tafiya da takardar naɗin. Wanda jikata ta yi, harafi ɗaya a kwance, yana cikin littafin da nake karantawa, da shi nake gane shafi. Ban ji an raina ni ba. Abin da zan roƙa kawai, a rubuta shekarar da aka yi shi da shekarun yaron a baya, don mu tsofaffi lissafi yana kuɓuce mana.

Kuma Gwaggon Yara, ba yau aka fara ba wa ƙanana takarda da almakashi da niyyar koyarwa ba. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya kafa makarantar ƙananan yara ya raɗa mata suna Kindergarten a 1840, cikin ayyukan da ya tsara musu akwai ninke takarda da yanka ta da saƙa ta da huda ta. Natsuwar da kike nema, ta wannan hanyar take shiga hannu. Bugaggen katin gaisuwa kuwa, wanda ake lissafawa na farko da aka buga don sayarwa, Henry Cole ne ya sa aka yi a Landan a 1843 don Kirsimeti, kwafi 1,000. Kafin nan mai son gaisuwa da hannunsa yake rubutawa.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, za a sa shekara in sha Allah. Wata tambayar: ƙaramin bahago ne. In ya kama almakashi sai kwalin ya riƙa lanƙwashewa tsakanin bakunan, ba ya yankuwa, shi kuma ya yi fushi ya jefar. Almakashin ne ko shi ne?

Mai Ɗab'i:
Almakashin ne. Na dama an haɗa shi yadda matsin babban yatsan dama ke tura bakunan biyu su haɗu. In aka riƙe da hagu sai matsin ya riƙa raba su, takarda ta shige tsakani. Kuma bakin da ke sama yana rufe masa layin da yake bi. Ki nemi na bahagwai na gaskiya, wanda aka juya bakunan, ba wanda aka gyara wa mariƙi kawai aka rubuta "na kowane hannu" ba. Yadda za ki gane: in kika riƙe shi a tsaye kamar za ki yanka, bakin da ke hagu shi ne yake ɗagawa sama. Wajen mutum 1 cikin 10 bahago ne, don haka ana yinsu.

Malamar Firamare:
Kuma kada a matsa masa ya koma dama. Kwali mai giram 300 ma ya yi wa hannun ɗan shekara 5 tauri ko da almakashin kirki ne. Ki yayyanka masa dogayen sili masu faɗin santimita 5, ki ja layi mai kauri, shi ya datse su gunduwa-gunduwa. Yawancin yara sukan iya bin miƙaƙƙen layi tun wajen shekara 4, zagaye da kusurwa sai a hankali. In zai yanka zagaye, bahago ta hannun agogo yake bi, na dama akasin haka, kuma takardar ake juyawa ba almakashin ba. Wajen rubutu ki karkata masa katin, samansa ya kalli dama, don kada gefen hannunsa ya riƙa shafe abin da ya rubuta. Ki kuma zaunar da shi a hagun yayarsa, gwiwar hannuwansu ba za su yi ta karo ba.

Zaman kada ya yi tsawo. Da kin ga ya fara wasa da gam a tafin hannu, ya ƙoshi, a tashi. Gara a raba aikin: yau fenti, gobe yanka da huji, jibi rubutu da zare. Fentin ma yana bukatar ya bushe sosai kafin biro ya hau shi.

Amaryar Bana:
Ni kuma matsalata ta alƙalamin maka ce. Kwalin da na samu mai santsi ne, rubutun yana gogewa da an taɓa.

Mai Ɗab'i:
Kwalin an shafe shi ne, tawadar yara kuma ta ruwa ce, ba ta samun wurin shiga sai ta zauna a sama. Ki juya shi ki yi amfani da ɓangaren da ba shi da santsi, ko ki manna farar takarda a kai. Maka marar gogewa tana kamawa, amma warinta da ƙarfi kuma ba ta fita a tufafi, ke za ki riƙe ta ba su ba.

Zare kuma, tunda ba wanda ya taɓo shi: ulu ko kirtani mai tsawon santimita 20 zuwa 25 ya isa. Ki ninka shi biyu, ki zura lanƙwasar ta cikin hujin, ki zaro bakunan biyu ta cikin lanƙwasar ki ja a hankali. Ba ya cin bakin kwalin kamar ƙulli. In bakin ulun yana tarwatsewa ya ƙi shiga, ki naɗa masa ɗan salatif ya yi tsini, ɗan shekara 5 ma zai zura da kansa.